Ruwan Da Na Ɗebo Wa Inna

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka iya karatu, wannan shi ne babin da nake ta kewaye wa tun da na fara rubutun nan. Na ba ku labarin dillancin shanun da na yi wata biyu aka kore ni, na ba ku na ranar da jakin liman ya kayar da ni a gaban 'yan mata, kun yi dariya, ni ma na yi. Wannan kam ba na dariya ba ne, ko da yake dariya ce ta yi rabin ɓarnar da ke cikinsa. Kun san karatuna ajin yaƙi da jahilci ne na wata uku, shi ma don malamin yana raba goro nake zuwa, saboda haka in kun ga harafi ya kwanta ku tashe shi da kanku. Amma maganar kada wanda ya gyara min ita.

Kun taso kuna jin ana faɗa ƙasa-ƙasa wai kunun kakarku ya taɓa kashe mutane a Dagumawa. Akwai cikinku wanda aka yi wa gori da shi ya dawo gida yana kuka, na ce ya share hawaye ƙarya ne. To, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Kunun ya kashe. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne hannun da ya sa ya kashe.

A shekarun nan da Turawa ba su kai ga tattara komatsansu ba, duk Wudil ba wanda bai san Tabawa mai kunu ba. Ita ce Inna, mahaifiyata. Ran Juma'a in kasuwa ta cika, Fulanin da suka koro shanu kara, da mahauta, da direbobin lorin gyaɗa, kowa rumfarta yake nema, kafin a sauko daga masallaci ta kife ƙwaryarta. Babanmu ya rasu tun ina ƙarami, da wannan kunun zaƙin ta rufa mana asiri ni da Yaya Kande, har ta aurar da Yaya ga Malam Audu na Dagumawa da gara ta kece raini. Ni kuwa a lokacin na haura ashirin, ga gemu ya fara leƙowa, ba mata, ba sana'a, sai baki. Garba Shaƙiyyi ake ce min, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don ni na nema. In na zauna a dandali ko mai zaman makoki sai ya murmusa. Aiki ɗaya tak Inna ta ɗora min a duniya, ɗebo ruwa.

Sai kun san yadda take kunun za ku gane. Takan jiƙa gero ya kwana, ta wanke, ta niƙa a dutse da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun biyu. Mai yawan ta dama shi da tafasasshen ruwa, in ya huce ta zuba ɗanyen da ta haɗa da tsiron dawa da dankali, ta rufe ya kwana. Da asuba ta tace. A nan kunun yana da kauri, sai an tsinka shi da ruwan sanyi, kuma wannan ruwan ba ya ganin wuta. Rijiyar unguwarmu zartsi gare ta, da ita muke sha muke girki, amma in ta shiga kunu sai ta kashe masa daɗi. Don haka ruwan tsinki daga kogi yake zuwa, kuma ba ko'ina a kogin ba. Da bazara, in ruwa ya ja baya ya bar yashi da gurabe, sai in kora jaki can sama, nesa da mashayar shanu da wurin wanki, in tona rami a yashi kamar kamu biyu, in jira ruwa ya tsattsafo, in kwashe na farko in zubar, in kwashe na biyu in zubar, na uku ne nata. Tono muke ce masa. Yakan cinye rabin yini, kana zaune kai kaɗai cikin rana kamar wanda aka yi wa horo, ba wanda za ka tsokana sai jaki.

Inna takan ce min:

"Auta, ni geron kawai nake sawa. Ruwan ne kunun. Ranar da ka gaji da tono ka faɗa min, in je da kaina."

Ni kuma in ce, "Haba Inna, ki je tono ina raye? Ai sai garin nan ya yi min waƙa."

Wata rana wani masunci ya nuna min dabara. Ya dandaƙa ƙwayar zogale busasshiya ya zuba a ƙwaryar ruwa mai laka, ya juya, muka zauna muna hira. Kafin mu gama duk dattin ya kwanta, ruwa ya yi garai-garai har kana ganin zanen gindin ƙwaryar. Na ce lalle na tsinci abin da zai hutar da ni. Sau biyu na yi wa Inna haka da ruwan wani gurbi na kusa, ba abin da ya faru, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Na riƙa jin kaina mai wayon da ba a taɓa haifa ba a ƙasar Kano.

A watan azumin tsofaffi na wannan shekarar, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, Yaya Kande ta haihu, namiji. Suna ya faɗo ran Lahadi. Inna ta ce duk wanda ya je sunan nan sai ya sha kunun da zai ba jikokinsa labari. Ran Asabar da hantsi ta ba ni garwa huɗu ta ce in tafi tono. Na kama hanya da niyya mai kyau, Allah ne shaida. Ina isa kogi na tarar masunta sun taru suna su a wani babban gurbi, ga kiɗa, ga ihu, ga yara da manya cikin ruwa da homa. Na ɗaure jaki na ce bari in leƙa kaɗan. Kaɗan ɗin nan sai da rana ta karkata. Abin da na kama duk yinin tarwaɗa ce guda ɗaya, ita ma ta soke ni a yatsa ta koma inda ta fito. Da na ɗaga kai na ga la'asar ta yi, na san in na tafi tono ba zan dawo da haske ba.

Gurbin da ya fi kusa da hanyar gida shi ne na ƙasan kara. Ku tuna washegarin kasuwa ne. Shanu sun yini biyu suna shiga suna fita, baƙin da suka kwana a bakin kogi nan suka yi wanka, nan bayan duhuwar da ke gefensa suka kewaya, mahauta sun wanke kayan ciki. Ruwan kore-kore ne, ɗumi gare shi kamar fitsari. Na tsaya na dube shi, na toshe hanci. Sannan na cika garwa huɗu, na zuba zogalen da ba ya rabuwa da aljihuna, na zauna ƙarƙashin wata giginya har ya kwanta, na tsiyaye na sama a hankali, na ƙara cikawa, na sake. Da na isa gida Inna ta ɗebo a farar ƙwaryarta kamar yadda ta saba, ta ɗaga wa haske, ta sansana.

"Kai, yau ka yi nisa ko? Dubi ruwa kamar hawaye. Allah ya yi maka albarka, Auta."

Na ce, "Amin, Inna. Sai da na tona har na kusa jin muryar mutanen Lahira."

Ta yi dariya ta ce Allah ya shirye ni.

Da asubar Lahadi ta tace ta tsinka a babbar randarta, wadda ta gada wurin uwarta. Tana azumin watan, ba halin ta ɗanɗana, sai ta miƙo min ludayi.

"Ji min zaƙin nan, ko in ƙara mazarƙwaila."

Na karɓa na kai baki. Ƙamshin citta ya bugi hancina, yawuna ya tsinke, amma sai na ga gurbin nan a idona, da kumfar da ke gefensa. Na taɓa ludayin da leɓe na haɗiyi iska, na juya baya na zubar a gindin bango. Na ce ya yi, Inna, ko Sarki sai ya nemi ƙari. A nan nake so ku tsaya ku duba ni da kyau. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ban sani ba, wai na zaci ruwa in ya yi fari ya tsarkaka, kamar yadda kowa ya zata a lokacin. To, in ban sani ba, me ya hana ni sha?

Muka ɗura a tuluna muka ɗora wa jaki, muka tafi cikin rana. Aka raɗa suna da safe, aka raba goro, aka yanka rago. Tulunan suna jingine a inuwar rumbu suna ɗaukar ɗumi har azahar, lokacin da gida ya cika da mata, yawanci dangin Malam Audu daga Lajawa da Indabo. Aka yi wa kunu caa. Gwaggo Delu, uwar Malam Audu, ta sha ƙoƙo biyu tana cewa dole ta yarda, ko da ba ta so, Tabawa ta iya. Da ma akwai 'yar tsama tsakaninsu, don Inna ta so Yaya ta zo gida wankan jego, Gwaggo Delu ta ce ba haihuwar fari ba ce, ba inda za ta. Maganar ba ta wuce haka ba. Yaya Kande tana ɗaka, ita mai jego ba a ba ta abu mai sanyi, kunun kanwa take sha da zafinsa.

Yaya tana da 'ya, Uwani, shekararta huɗu. Baƙa ce siririya mai wushirya, ga surutu, kowa cewa yake ni ta ɗauko. Duk inda na sa ƙafa a gidan tana riƙe da rigata. Ta zo da ɗan ƙoƙonta ta tsaya gaban tulu.

"Kawu, zuba min."

"Ke da wa ya gayyace ki? Sunan ƙaninki ne, ke yanzu an gama yayinki."

"Ni ce babba! Zuba min ko in gaya wa Inna ka ci naman da ba a raba ba."

"Ashe 'yar sanda ce. Kawo, ranki ya daɗe."

Na zuba mata. Ta shanye ta miƙo, na ƙara. Ta ɗage riga ta nuna min ciki, na ƙwanƙwasa shi da yatsa na ce kankanar nan ta nuna, a kawo wuƙa. Ta ruga tana ƙyalƙyala dariya ta dawo, na zuba na uku. Da hannun nan da nake riƙe da alƙalami. Ni da na kasa haɗiyar ludayi ɗaya.

Ran Talata da safe wani ya zo a guje ya ce mu taho, Dagumawa ba lafiya. Muka tarar gidan Malam Audu kamar an yi yaƙi. Mutane kwance a tsakar gida, amai da gudawa, wasu har da jini, an ce haka abin yake a gidajen waɗanda suka zo suna daga ƙauyuka. Gwaggo Delu ta riga ta cika kafin mu iso. Uwani tana kan tabarma a ɗakin uwarta, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo. Ruwa ne aka hana ta, don a lokacin cewa ake in ka ba mai gudawa ruwa ƙara masa kake. Na durƙusa kusa da ita na yi ƙoƙarin yi mata fuskar biri da take so. Ta dube ni kamar daga nesa.

"Kawu, ruwa."

Na dubi Yaya, Yaya ta girgiza kai tana kuka. Haka Uwani ta yi ta faɗa, tun ana ji har sai ka kai kunne bakinta. Ran Laraba da hantsi ta daina. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa makwancinta, an naɗe ta a 'yar tabarma.

Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya, sun rame kamar kara. Kafin sadakar uku mutane sun gama lissafinsu. Duk wanda ya kwanta ya sha kunun Tabawa. Tabawa ba ta sha ba. 'Yarta ba ta sha ba. Ɗanta, da kowa ya san ba ya ganin abin sha ya kau da kai, yana nan garau. Dangin miji ne kawai suka zube, kuma wadda suka yi sa-in-sa da ita ita ta fara tafiya. Aka ce barbaɗe ta yi don Gwaggo Delu, Allah ya nuna mata iyakarta ya haɗa da jikarta. In da ni ma a gefe nake aka jera min haka, da na yarda.

Dagacin Dagumawa ya tara mutane a zaurensa. Inna tana durƙushe daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, Malam Audu yana gefe idonsa jajir. Sai ga duba-gari ya iso a kan keke daga Wudil. Yaro ne matashi da aka turo daga birni, da kakinsa da littafi a hammata, mutane ba sa ƙaunarsa don aikinsa leƙa randunan mata da shiga bayan gida. Ya yi gaisuwa, ya saurari kowa, sannan ya nemi izini ya yi magana.

"Allah ya ja zamanin dagaci, ni ban ga sammu a nan ba. Mai jego abin da ta sha ya tafasa, shi ya sa ta tsira. Iya kuma azumi take. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta da ke zama cikin ruwan da ƙazanta ta shiga, ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ruwa yana iya yin fari ƙal suna ciki. In suka samu abu mai zaƙi ya yini cikin zafi sai su yi ta haihuwa. Wuta ce kawai ke kashe su. In ruwan da aka tsinka kunun nan daga gurbi ya fito, to Iya ba ta da laifin komai. Iya, ina kika samo ruwan?"

Inna ta ce, "Daga tono, ɗan nan. Ban taɓa sa wani ba. Autana ne ya ɗebo, ga shi nan."

Ya juyo ya dube ni. Duk zauren ya juyo.

"Malam Garba, daga tono ne?"

'Ya'yana, ƙofa ce aka buɗe wa Inna, ba abin da ya rage sai in matsa gefe ta wuce. Kalma uku ce, daga gurbi ne. Na dubi Malam Audu, na tuna yana da takobi a ɗaka. Na tuna Yaya. Na ga kaina ina tafe a kasuwa ana nuna ni, ga wanda ya kashe 'yar 'yar'uwarsa don kallon masunta. Sai bakin nan nawa, da bai taɓa barina a hanya ba, ya buɗe da kansa.

"Daga tono ne mana. Amma ranka ya daɗe, ina da tambaya. Waɗannan dabbobin naka da ido ba ya gani, kai da wane idon ka gan su? Ko da yake wanda ya yini yana leƙa masai dole ya ga abin da mu ba mu gani ba. Suna da ƙaho? In suna da shi mu kai su kara ran Juma'a, tunda ka ce haihuwa suke ba ƙaƙƙautawa, ai mun yi arziki."

Wani ya fara tuntsirewa daga baya, sai zaure ya ɗauka. Ana cikin makoki, kwana huɗu da binne yarinya, na sa dattawa suna rufe baki da hannun riga. Yaron nan ya buɗe littafinsa ya rufe, ya yi ƙoƙarin ƙara bayani wani ya ce masa a kawo igiya a ɗaure masa guda ɗaya. Daga nan ba wanda ya ƙara sauraronsa. Maganar da za ta wanke mahaifiyata ke nan, ita kaɗai, ni na kashe ta da raha ɗaya, kuma ban taɓa yin wadda ta karɓu kamarta ba.

Dagaci ya ce shi ba shi da shaidar sammu, abu ne daga Allah, amma Tabawa ta bar sayar da kunu. Malam Audu ya miƙe ya rantse muddin yana numfashi ba za ta ƙara taka gidansa ba. Washegari duba-garin ya zo gidanmu, ya duba dutsen niƙa, ya duba ƙore da abin tata, bai ga komai ba sai tsabta. Tunda na rufe masa hanyar ruwa, dole ya rubuta wani abu, sai ya ce wataƙila tsohuwar randar ce ta riƙe cuta a jikinta, a fasa ta. Inna ta ce in fasa, ita ba za ta iya ba. Na ɗauki taɓarya. Da zai hau kekensa ya tsaya ya dube ni, sannan ya tafi. Ban san sunansa ba har yau. In yana da zuriya, Allah ya saka masa a kansu.

Na zaci abin zai wuce kamar yadda maganar gari ke wucewa. Bai wuce ba. Azumi ya zo, Inna ta aika wa maƙwabta ƙosai kamar kowace shekara, aka dawo da kwanon yadda ya tafi. In ta doso rijiya mata su janye 'ya'yansu. Biki ko suna ba a ƙara aiko mata goro ba. Yaya Kande ba ta yarda da zancen barbaɗe ba, amma ba ta da ikon zuwa, kuma sau biyun da ta saci hanya ta zo, zama suka yi kowa na kallon ƙasa, don da sun haɗa ido Uwani ce a tsakani.

Duk wannan bai kai abin da Inna ta yi wa kanta ba. Ita ta san ba ta zuba komai ba, kuma ba ta taɓa kawo ni a ranta ba, ko sau ɗaya. Saboda haka ta yanke cewa sakacinta ne, ta shiga neman inda ta yi shi. Sai muna zaune da rana tana tsintar wake, ta ɗago.

"Auta, daren nan na rufe ƙullun kuwa? Ko tsaka ce ta faɗa ban gani ba?"

"Kin rufe, Inna."

"To ko dankalin ne? Akwai guda ɗaya mai baƙin tabo, na yanke wurin na sa sauran. Da na sani da na yar."

"Ba shi ba ne, Inna. Ki bar tunanin nan."

"To mene ne? Abu ai ba ya faruwa haka kawai."

Haka ta bi kunun nan gaba da baya shekara huɗu, tun daga jiƙon gero har ɗaurin bakin tulu, kullum ta tsallake wuri ɗaya. Wata rana da damina na ga ta zauna tana goge ƙwaryar da ba a ci komai a ciki ba har hannunta ya yi ja, na kasa jurewa. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ruwan nan da na ɗebo..." Ta katse ni.

"Kul. Kada ka ɗora wa kanka. Ruwanka na duba shi da idona, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Kai dai ka yi naka."

Ta dafa kaina. Na tashi na fita, na je dandali, kuma na tabbata a ranar ma na ba wani dariya.

Cikin waɗannan shekarun na yi aure, da ƙyar, don gida biyu sun hana ni saboda sunan Inna, uwarku ce kawai iyayenta suka rufe ido. Ke Hajara, ke aka fara haifa. Kin sha tambayata me ya sa ba ki tuna kakarki ta taɓa ba ki ko ƙuli-ƙuli ba. Ba ƙinki take ba. Takan goya ki yini guda, ta yi miki wasa, amma in kika miƙa hannu ga abin da take ci sai ta ɗaga shi sama ta ƙwala wa uwarki kira ta zo ta ba ki da nata hannun. Ke kina kuka, ita tana kuka. Matar da rabin kasuwar Wudil ta sha daga ludayinta ta koma tsoron ba jikarta ruwa.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ran da za ta rasu, bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama ke nan, ta sa uwarku ta kira ni. Na shiga na zauna bakin gado. Ta rame har ba ta tayar da bargo. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Auta, ka aika wa yarinyar nan ta Dagumawa, ka ce ta yafe min 'yarta." Yaya take nufi, 'yar fari ce, ba ta faɗin sunanta. "Ka ce wa mijinta ma haka, ko ba zai karɓa ba."

"Zan faɗa, Inna."

"Saura kai."

"Ni kuma me, Inna?"

"Na ɓata maka suna. Kana saurayi, ba ka ji ba ka gani ba, aka riƙa hana ka mata saboda ni. Kana fita ana nuna ka, ɗan mai kunun nan. Ba ka taɓa ɗaga min murya a kai ba, kullum sai dai ka ba ni dariya. Wani ɗan da ya gudu ya bar ni. Ka yafe min, in tafi da sauƙi."

Ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Ba takobi, ba dagaci, ba zauren da zai nuna ni. Numfashinta yana nan, kunnenta yana ji, da na faɗa da ta ji, da ta tafi ta san hannunta bai taɓa cutar da kowa ba. Na gaya wa kaina wai kada in ɗaga mata hankali a irin wannan lokaci. Ƙarya nake. Tsoro nake ta saki hannuna.

Na ce, "Na yafe miki, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ta lumshe ido kamar an sauke mata dutse. Kafin magariba ta cika. Waɗanda suka yi mata salla ba su cika sahu biyu ba, a garin da ta shayar shekara talatin.

Yaya Kande ta bi ta, Malam Audu ya bi su, duk wanda ya zauna a zauren nan ya tafi, ni kaɗai Allah ya bari da tsawon rai, ina jin don in ji shi da kyau. Ban isar wa kowa gaskiya ba sai yau, kuma na san ta zo a makare, ba wanda za ta tayar. Amma ita Tabawa mai kunu mace ce mai tsabta da amana, ba ta taɓa zuba wa ɗan kowa abin da ba za ta ba nata ba. Daga yau duk wanda ya ambaci kunun Dagumawa a gabanku, kada ku yi faɗa, kada ku sunkuyar da kai. Ku faɗa masa sunan wanda ya ɗebo ruwan. Garba ne, ubanku. Ina nan zaune a zaure, ban mutu ba tukuna, mai magana ya zo ya same ni.